Zalika Souley: tambayoyin da samarin fadarmu suka yi mini

Ran nan a fadarmu, wato majalisar hirarmu ta unguwar Birni a Damagaram (Zinder), shayi na kan wuta ana gardamar taurarin fim na Kano, sai na ambaci Zalika Souley. Aka yi tsit. Ko ɗaya cikin samarin bai san ta ba, abin ya sosa mini rai. Ga abin da suka tambaya.

Wace ce ita, Baba?

Ƴar Nijar ce, haifaffiyar Yamai a 1947. Ba ta cika shekara ashirin ba ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane na 1966, Le Retour d'un aventurier, wanda samari suka sa kayan kaboyi suka hau dawaki. Tana cikin matan farko a Afirka da suka riƙe wasan fim sana'a.

Wane fim ne ya ɗaga sunanta?

Aikinta da darakta Oumarou Ganda. Ta fito a Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Labarin wani alhaji ne da ya ƙaro ta uku, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, har kishi ya kai ga zubar da jini.

To me ya sa aka riƙa zaginta?

Nan ne zuciyata ke karyewa. Yawanci muguwar mace ake ba ta: kishiya mai baƙar aniya, ko mace mai zaman kanta. Ta iya wasan har masu kallo suka kasa raba fim da gaskiya. A kan hanya ana nuna ta da baki, ana jifan ta da baƙaƙen maganganu saboda abin da aka gani a majigi. Ku tuna zamanin: mace ta tsaya gaban kyamara ma abin kunya ne ga dangi. Wallahi ƙwarewarta ce ta jawo mata, kuma ba ta fasa ba.

Ta tara dukiya?

Ina! Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, ita ma ta shiga matsi. Rahmatou Keïta ta yi fim a kanta, Al'lèèssi, inda aka gan ta a ɗan ƙaramin gida babu ko famfo. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu ranar 27 ga Yuli, 2021. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Mu a Damagaram ina ruwanmu, tunda da Zabarmanci da Faransanci take wasa?

A shekarar da ta rasu ne ƴar garin nan, Aïcha Macky, ta fitar da fim ɗinta Zinder, kan samarin unguwar Kara-Kara, duniya ta kalla. Hanyar da Aïcha ta bi da kyamara a hannu, Zalika ce ta fara share ta da zagin da ta sha.

Ɗaya daga cikinsu ya ciro wayarsa ya ce in maimaita masa yadda ake rubuta sunan.