Waiwaye: Daga ina rigimar rukuni a ninkayar nakasassu ta samo asali?

Duk lokacin da gasar Paralympics, wato Olympics ta nakasassu, ta zagayo, sai an ta da maganar cewa an haɗa wane da waɗanda ya fi ƙarfi. Ƙorafin ya daɗe. A Rum a 1960 masu ciwon laka kaɗai suka yi ninkaya, makafi da masu yankakkun gaɓoɓi suka shigo a Toronto a 1976, kuma a wancan zamani sunan larura a takardar likita ke yanke rukunin mutum.

Inda aka sauya hanya shi ne Barcelona a 1992, kuma ba a cika tuna shi ba. Tsarin likita ya haifar da rukunoni barkatai, wasu ma ba sa samun isassun 'yan wasa. A Seoul a 1988 an ba da lambobi a tsere 257. A Barcelona suka koma 163. Yadda aka rage su shi ne, ga masu nakasar gaɓoɓin jiki, aka daina tambayar mene ne ciwon, aka koma auna abin da jiki ke iya yi a ruwa. Lafiyayyen jiki maki 300 ne: hannaye 130, ƙafafu 100, gangar jiki 50, tsalle da juyi goma-goma. Sai mutum ya rasa aƙalla 15 kafin a karɓe shi, sannan a sa shi tsakanin S1, mafi tsananin nakasa, da S10. Shi ya sa a S6 za ka ga wada, da mara hannu biyu, da mai shanyewar ɓarin jiki a layi ɗaya.

Nan gizo ke saƙa. Dungu da awo ake gwada shi, kuma tsawonsa ba ya canjawa. Amma mai larurar ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin jiki ana ba motsinsa maki ne daga 0 zuwa 5, motsin da sanyi da gajiya ke dagulawa, wanda kuma mai son zuciya zai iya ragewa da gangan. Mai gaskiyar da ya dage da atisaye kuwa, ƙwazonsa na iya tura shi rukunin da ya fi wuya.

Gyaran dokokin 2018 ya ƙara wa gwajin cikin ruwa nauyi, aka sake tantance 'yan wasa da yawa. A 2019 ɗan Brazil André Brasil, wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa, ya fita daga S10, domin an ce nakasarsa ba ta kai ba, bayan ya ci lambobin Paralympics 14.