Dillancin hannun jari ta intanet

Dillancin hannun jari ta intanet sana'a ce ta kamfanin da ke saya wa mutum hannun jari ko ya sayar masa da nasa, ta waya ko kwamfuta. Kamar dillalin kara yake: dabbar ba tasa ba ce, la'ada yake ci. Sai dai shi kuɗin mutane suna kwana a hannunsa.

Nijar na cikin ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, masu kasuwar hannun jari ɗaya, BRVM, da ta fara aiki a Abijan a 1998. Mutumin Damagaram ba ya shiga kasuwar da kansa, sai ta hannun irin kamfanin dillancin da ake kira SGI, mai lasin AMF-UMOA, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar. Zai buɗe asusu da katin ɗan ƙasa, ya zuba kuɗi, sannan ya tura umarni: sunan kamfani, yawan hannun jari, da farashin da ba ya so a wuce. Farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 7.5 cikin 100 a yini. Intanet ta rage masa wahalar tafiya Yamai, kusan kilomita 900.

Babbar tambayar shugaban irin wannan kamfani ita ce daga ina riba za ta fito. A Amurka an soke ƙayyadaddiyar la'ada a 1975, gasa ta yi ta zaftare ta, har kamfanin dillanci na Charles Schwab ya daina karɓarta a cinikin intanet a watan Oktoba na 2019. Daga nan abin dogaro ya koma kuɗin ruwa a kan ajiyar abokan ciniki, da bashin da ake ba su su ƙara saye, da ladan da manyan ƴan kasuwa ke biya don a kai musu cinikin. Wannan tsari sai da ɗimbin jama'a yake ci, shi ya sa a 2020 Schwab ya haɗiye wani kamfanin dillanci, TD Ameritrade. A Damagaram kuwa, inda mutane da yawa ke gudun kuɗin ruwa, dogaro da shi korar masu saye yake. La'ada bayyananniya ta fi kwantar musu da hankali.

Wajibi ne shugaba ya raba kuɗin jama'a da na kamfani, ya kuma tanadi jari na ko-ta-kwana, domin ba ranar ciniki ake kammala biya ba, kuma a tsakani dillali ne ke ɗauke da alhaki. A watan Janairu na 2021 cinikin hannun jarin wani kamfanin Amurka, GameStop, ya yi ambaliya, hukumar daidaita biyan kuɗi ta nemi kamfanin dillanci na Robinhood ya ajiye jinginar biliyoyin dala, sai ya taƙaita saye na ɗan lokaci, abokan cinikinsa suka harzuƙa, har majalisar dokokin Amurka ta kira shugabansa ya yi bayani.