Dokar kulle: mece ce ita, kuma ina iyakarta?

Dokar kulle umarni ne da hukuma ke bayarwa a zauna a gida, a rufe kasuwa da makaranta da wuraren ibada, don a dakile yaɗuwar annoba. Lokacin korona, ranar 30 ga Maris, 2020 aka kulle Legas da Abuja, Kano kuma ta biyo baya a Afrilu. Shugaba Buhari bai ayyana dokar ta-ɓaci ba. Tsohuwar dokar killace masu cuta ta 1926 ya ɗauko, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka.

Gwamnati tana da hurumin yin haka. Sashe na 45 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda a taƙaita 'yancin zirga-zirga da na taro saboda lafiyar jama'a. Sai dai hurumin yana da sharuɗɗa, waɗanda masana shari'a suka fayyace a garin Siracusa na Italiya a 1984. Dole doka ce ta tanadi matakin, buƙatarsa ta zama ta gaske, kada ya wuce kima, kada a nuna bambanci, kuma wanda aka zalunta ya samu inda zai kai kuka.

Akwai kuma haƙƙin da ko annoba ba ta taɓa shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa ta hana kisan gilla da azabtarwa, komai tsananin hali. Duk da haka, a makonni biyu na farkon kullen, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18. A lokacin, cutar kanta ba ta kashe adadin haka a Najeriya ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake manta ɗaya ɓangaren. Wanda ya rufe wa mutum ƙofar nema, nauyin ci da shansa ya hau kansa. Ɗan dako da mai garuwa da mai tuyar ƙosai, sai sun fita suke ci. Samar musu da abinci da ruwa da magani wajibi ne a kan hukuma, ba sadaka ba, haka nan kayan kariya ga ma'aikatan asibiti da faɗa wa jama'a gaskiyar halin da ake ciki. A watan Oktoba na 2020, da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Jos da wasu garuruwa, buhunan kayan tallafin korona suka tarar jibge a ciki.