Ma'anar "ful nod": na'urar da take kwana aiki ba albashi

A Nima, a bes ɗin da muke zama bayan la'asar ana dafa ataya, ɗan yayata ya matso kusa da ni ya rage murya. "Kawu, nod nake so in sa. An ce in ka sa, kullum sai ya jefo maka wani abu a walet." Walet ita ce manhajar da mutum yake riƙe kuɗin intanet irin su Bitcoin da ita. Na ce wa ya faɗa masa. Wani ne a WhatsApp, wai a tura masa kuɗi ta MoMo, asusun kuɗi na wayar hannu, ya buɗe wa mutum nod, riba ta fara sauka washegari. Na ce ya mayar da wayarsa aljihu tukuna, mu fara sanin abin da kalmar nod take nufi a harkar Bitcoin, don masu cin kuɗin mutane sun fi son kalmar da kowa ke ji amma ba wanda ya san fassararta.

Kalmar ta Turanci ce, tushenta kuma Latin, inda take nufin ƙulli. Da ita Turawa suke kiran gaɓar kara ko ta rake. In ka taɓa tsayawa bakin teku a Jamestown kana kallon masunta suna gyaran taru, duk inda zare ya gamu da zare aka ƙulle, to ka ga nod. A harkar kwamfuta, na'urar da take haɗe da 'yan'uwanta, tana karɓar saƙo daga wannan tana miƙa wa waccan, ita ce ƙullin. "Ful" kuwa cikakke ke nan. Cikar ba ta girman na'ura ba ce, ta bincike ce: nod ɗin da ba ya karɓar maganar kowa sai ya duba da kansa.

Abin da yake dubawa littafi ne. Duk wanda ya taɓa zubin adashi, wanda a nan muka fi kira susu, ya san littafi guda ne kuma yana hannun uwar adashi. In ta rubuta ashirin inda ka zuba hamsin, sai dai rantsuwa ta raba ku. MoMo ma haka yake, littafin yana wajen kamfani, kai saƙon tes kawai kake gani. Wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, mai ɓoyayyen sunan nan Satoshi Nakamoto, ya so a yi adashin da ba shi da uwa. Dabararsa ita ce kowa ya iya riƙe kwafin littafin gaba ɗaya, tun daga shafin farko da aka rubuta ranar 3 ga Janairu 2009. Kusan duk minti 10 ake ƙara sabon shafi, wajen 144 ke nan a rana, kowane shafi kuma yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, ta yadda in aka taɓa harafi ɗaya a tsohon shafi duk na bayansa sun lalace. Shafin shi ake kira bulok, littafin kuma bulokcen.

Ranar da ka kunna manhajar nod, wadda aka fi amfani da ita sunanta Bitcoin Core, sai ta nemi wasu nod kamar goma a ko'ina cikin duniya ta ce su miƙo mata littafin. Ba ta ɗauka ta ajiye haka nan. Shafi bayan shafi take bi tana lissafi. Kuɗin da wannan ya tura, yana da su? Bai riga ya kashe su a wani wuri ba? Sa hannun da ke kan cinikin ya fito daga mabuɗin sirrin mai kuɗin? Wanda ya rubuta shafin ya yi aikin lissafin da ƙa'ida ta ce a yi? Daga nan take haɗa jerin duk kuɗin da ba a kashe ba tukuna, da shi kuma take auna duk sabon cinikin da ya iso. Wanda ya ci jarrabawa ta miƙa shi gaba, wanda ya faɗi ta yar da shi, ba ta neman izinin kowa.

A nan ne mutane suke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Masu rubuta shafin daban, su ne masu haƙa, 'yan mainin. Su ke da injuna masu ƙara kamar injin niƙa, ɗaya yakan ci wat 3,000 ko fiye dare da rana, su ne kuma ake biya. Ladan shafi ya fara ne da bitcoin 50, yana raguwa da rabi duk bayan shafi 210,000, tun watan Afrilu 2024 kuma 3.125 ne, ban da kuɗin aika da masu ciniki ke biya. Wannan ragin shi ya sa jimillar ba za ta wuce miliyan 21 ba. To wa ya hana mai haƙa rubuta wa kansa goma? Nod ne. Duk yawan injunansa, in ya ƙara wa kansa ko ƙwaya a kan ƙa'ida, tsohuwar laftof a Maamobi za ta ƙi shafin kamar yadda ta Tokyo za ta ƙi shi. Ba labarin kanzon kurege ba ne. A watan Satumba 2023 wani babban kamfanin haƙa na Amurka ya fitar da shafin da aka jera ciniki a cikinsa ba bisa tsari ba, nod na duniya suka yi watsi da shi, ladan bitcoin 6.25 na lokacin ya bi ruwa.

Mai nod fa, nawa ake ba shi? Ko sisi. Ba lada, ba kamasho, ba wani abu da ke faɗowa walet da asuba. Wuta da data ma daga aljihunsa suke fita.

Da na faɗi haka sai yaron ya yi dariya ya ce, "To Kawu, aikin banza ke nan." Na tuna masa saƙon MoMo na bogi. Duk mai shago a Accra ya san shi: saƙo ya shigo wai an turo maka kuɗi, sai kira ya biyo baya, wai kuskure aka yi, ka taimaka ka mayar. Wanda ya taɓa ƙonewa ba ya sake yarda da saƙo, sai ya danna ya duba asusunsa. Walet ɗin da ke cikin wayarka ba ta riƙe littafin Bitcoin, ba ta da wurin ajiye shi. Kwamfutar wani take tambaya, ita kuma ta ce mata kuɗi sun shigo. Yawanci gaskiya ake faɗa mata, amma ji ne. Mai nod shi ne wanda ya buɗe littafin da ke ɗakinsa ya ga shigar kuɗin da idonsa, kuma gani ya kori ji.

Akwai kuma rufin asiri, wanda a ganina ya fi damun ɗan kasuwa. Duk sanda walet ta tambayi kwamfutar wani, ta nuna masa adireshin kuɗinka ke nan, ya san nawa ka tara da sanda suke motsi. In nod ɗinka take tambaya, zancen bai fita gida ba. Sai dai akwai sharaɗin da da yawa suke mantawa: dole ka haɗa walet ɗin da nod ɗin, walet irin su Sparrow suna ba da wannan damar. In ba haka ba, ka sayi ma'auni ka jingine a lungu kana ci gaba da karɓar awon mai sayarwa.

Taimakon da nod yake yi wa sauran jama'a yana nan, ko da yake ana yawan zuzuta shi. Yana yaɗa ciniki da sabbin shafuka, yana kuma ba sabon shiga kwafin littafin. Wannan na biyun yana bukatar wasu su iya ƙwanƙwasa maka ƙofa, lambar ƙofar 8333, kuma a intanet ɗin layin waya galibi a rufe take, sai dai mutum ya bi ta Tor, hanyar intanet mai ɓoye inda mutum yake. Inda aka ga nauyin masu nod ƙarara shi ne 2017. A watan Mayu na shekarar manyan kamfanoni da masu haƙar da ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin haƙa suka yi yarjejeniya a New York cewa za su ninka girman shafi. Mutane da yawa masu nod suka ƙi sauya manhajarsu, ga shi shafin da manhajarka ba ta yarda da shi ba, a wajenka ba kuɗi ba ne. A watan Nuwamba aka janye shirin. Kar dai a ɗauka ƙuri'a ce ake ƙirgawa. Mutum ɗaya zai iya kunna nod dubu a rana guda ba su sauya komai ba. Nod ɗin da ake jin maganarsa shi ne wanda wani yake karɓar kuɗin kayansa ta kansa.

Sai batun tsada, a nan kuma Accra ta bambanta da Berlin. Na'urar ba ita ce matsala ba. Tsohuwar laftof daga Tip Toe Lane a Circle ta isa, ko ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi mai girman tafin hannu, wutar da take ci kuma ba za ta girgiza mitar kamfanin wuta na ECG ba. Faifan ajiya ne zai ɗan ci kuɗi, domin littafin ya haura gigabait 600 kuma kullum ƙaruwa yake, shi ya sa masu yi suke sayen SSD mai terabait 2 su huta. Akwai tsarin datsewa, inda manhajar take duba tsofaffin shafuka ta goge su ta bar na kusa kawai, har mutum ya iya saukowa zuwa megabait 550 na shafuka. Irin wannan ma cikakken nod ne, tunda ya duba komai, illa dai ba zai iya ba wani tsohon shafi ba. Amma datsewa wuri take ragewa, ba data ba. Sai ka sauke gigabait ɗin nan duka sau ɗaya. Wanda zai yi haka da bandil ɗin waya, Allah ya ba shi haƙuri. Ka nemi inda akwai intanet na kebul mai shiga gida ko ofis, ka bar na'urar can kwanaki har ta kamo yau, abin da take sha bayan nan kaɗan ne in ka iyakance abin da take aika wa wasu.

Dumso, wato ɗauke wuta, ba ya cinye kuɗin kowa. Kuɗi ba a cikin nod suke ba, suna bin mabuɗinka ne, kalmomin nan 12 ko 24 da ka rubuta a takarda. In an ɗauke wuta nod ya yi barci, in ta dawo ya tambayi abin da ya wuce shi ya kamo. Haɗarin shi ne yankewar wuta farat ɗaya yana tsakiyar rubutu, tana iya hargitsa ma'ajiyarsa har ya koma sake lissafi na kwanaki. Nan laftof mai batir ta fi ƙaramar kwamfutar da ba ta da shi.

Ruɗanin da ɗan yayata ya faɗa yana da tushe, shi ya sa yaudarar take kamawa. Akwai wasu kuɗaɗen intanet, ban da Bitcoin, da ake biyan mai na'ura a cikinsu. A Ethereum, tun da suka bar haƙa a watan Satumba 2022, mai tabbatar da shafi yana samun lada, amma sai ya ajiye jinginar ETH 32, wato kuɗin tsarin, ana kuma iya yanke masa in ya yi ha'inci. A Dash akwai wanda suke kira mastanod, jinginarsa Dash 1,000. Ladan na jingina ne da aikin da aka ɗora wa na'urar, ba na kunna manhaja ba. Manhajar Bitcoin Core kyauta ce, ba rajista, ba wakili, ba wanda zai buɗe maka. Duk wanda ya ce ka turo sidi ya sa maka nod a wurin da ba ka gani, kana samun kaso kullum, to littafin ya koma hannun uwar adashin da ba ka ma san gidanta ba.

Ni dai ban ga dalilin da mai bitcoin na sidi ɗari biyu zai sa kansa wannan wahala ba. Mai karɓar kuɗin kaya daga waje, ko mai ajiya ta shekaru, shi ya kamata ya yi tunani. A bes irin namu ma guda ɗaya ya isa mutum goma su haɗa walet ɗinsu da shi, in sun yarda da mai riƙonsa.

Yaron bai tura kuɗin ba. Laftof ɗin yayarsa mai fasasshen gilashi ya ɗauko, muka sa mata faifai, muka kai ta shagon wani abokina mai intanet. Shekarun farko ta wuce su kafin a sauke ataya ta biyu, don shafukan lokacin kusan wayam suke. Jiya da ya leƙa ta yi nauyi, tana cikin 2021 tana tafiyar hawainiya, mai shagon kuma ya fara tambayar ranar da za a zo a ɗauke ta.