Targaɗen idon sawu: yaushe ya dace a koma gudu?

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba ya biyo ta wajen filin wasa na Muhammadu Dikko, ko ya miƙi hanyar Dutsin-ma, zai ga yadda gudu ya karɓu a Katsina. Ga samarin da ke shirin tantancewar shiga soja ko ɗan sanda, ga 'yan ƙwallon unguwa, ga magidantan da likita ya ce su rage teɓa saboda hawan jini ko ciwon suga. Wannan abin farin ciki ne ƙwarai. Sai dai mu da ke aiki a sashen gashin ƙashi akwai abin da ke damunmu. Da wuya mutum ya zo mana da targaɗensa na farko. Sai ƙafar ta gurɗe sau biyu, sau uku, ta fara zame masa ko a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sannan ya zo. In ka bi labarin, kusan kullum iri ɗaya ne: ya yi targaɗe, kumburi ya saɓe bayan kwana biyu, ya ji ciwo ya lafa, ya ɗaura takalmi ya koma fili.

Lafawar ciwo daban, warkewa daban. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu.

A gefen waje na idon sawu akwai jijiyoyi uku da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Yawancin targaɗe yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya juya ciki, nauyin jiki ya faɗa kan gefen waje, kamar in mutum ya taka bakin rami ko ya dira a kan ƙafar abokin wasa. Ta gaba cikin ukun nan ita ce mafi rauni, ita ke fara jin jiki. Idan miƙewa kawai ta yi, mako 1 zuwa 3 kan isa. Idan wani sashenta ya yage, ana maganar mako 3 zuwa 6. Idan ta tsinke gaba ɗaya, sai a yi wata uku ko fiye. Zafi kuwa yakan tafi tun kafin jijiyar ta gama haɗewa, tamkar daɓen siminti da ya bushe a sama alhali cikinsa bai kama ba. Mai gudu yana sauke wa ƙafa ɗaya ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa a kowane taku. Ka lissafa taku nawa ne daga Ƙofar Ƙaura zuwa Batagarawa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. A cikin gaɓar akwai ƙananan jijiyoyin saƙo da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka, ba sai ido ya duba ba. Su ne ke sa in ka taka dutse cikin duhu ƙafar ta gyara kanta tun kafin ka ankara. Targaɗe yana dakushe wannan saƙo, kuma hutu kaɗai ba ya dawo da shi yadda yake, sai an sake koya wa ƙafar. Bincike ya nuna har kusan mutum 4 cikin 10 da suka yi targaɗen idon sawu kan ci gaba da fama da ƙafa mai zamewa ko ciwo shekara guda bayan raunin. In aka daɗe a haka, guringuntsin gaɓar yakan fara cinyewa, mutum ya gamu da amosanin gaɓa tun da sauran ƙuruciyarsa.

Kafin a kai ga maganar gudu, a fara tabbatar da cewa targaɗen ne ba karaya ba. Likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 wadda har yau ake aiki da ita a asibitoci. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko da da ɗingishi ne, ko kuma an danna kan ƙashin idon sawu ta bayansa ko ta ƙasansa ya ji zafi sosai, ko zafin yana kan ƙashin gefen ƙafa da ke layin ƙaramin yatsa, to a ɗauki hoton ƙashi. Haka nan in ƙafar ta karkace, ko yatsu sun yi sanyi, ko ba a jin su. Wanda ya ji kamar an doke shi da sanda a bayan diddige, sannan ya kasa yin ɗage, wato tsayuwa a kan yatsun ƙafa, ya hanzarta zuwa asibiti, don mai yiwuwa agara ce ta tsinke. Yaro da bai gama girma ba kuwa a kai shi a duba, domin wurin tsiron ƙashinsa ya fi jijiyar rauni.

Na san a garinmu mai ɗori ake fara tunawa. Ina girmama su, iyayenmu ne, sun kuma daɗe suna taimakon jama'a tun ba a san asibiti ba. Amma abubuwa biyu nake roƙo don Allah. Jijiyar da ta yage ba ta bukatar a ja ta ko a murza ta da ƙarfi, ƙara yaga ta ake yi. Sannan ɗauri mai tsanani a kan ƙafar da ke kumbura yana iya tare jini. Duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi baƙi, ko suka mutu, ko zafin ya ƙaru maimakon ya ragu, a kwance shi nan take a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.

A kwana biyu zuwa uku na farko, a ɗaga ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu, a naɗa bandeji ba da matsi sosai ba, a sa ƙanƙara cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku. Gashi da ruwan zafi da shafa man zafi su dakata tukuna, suna ƙara kumburi a wannan lokacin. Mai sikila kada ya sa ƙanƙara ko kaɗan, sanyi yana iya tayar masa da ciwo. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai shi ma ya fara tambayar likita. Kwanciya ta mako biyu ba ta da amfani a ƙaramin targaɗe. Da zarar ana iya takawa, a riƙa takawa a hankali.

Daga nan sai aikin da mutane suka fi tsallakewa, alhali ba ya cin ko kwabo. Kana zaune, ka riƙa rubuta haruffa a iska da babban yatsan ƙafa, don gaɓar ta saki. Ka samo tsohon tub na keke, ka yanka, ka ɗaure shi a ƙafar gado, ka zura ƙafarka ka riƙa tura ta waje a hankali sau 15, ka huta, ka maimaita sau uku. Naman gefen ƙwauri da wannan ke ƙarfafawa shi ne mai riƙe ƙafar idan za ta gurɗe. Ka dafa bango ka riƙa ɗage da ƙafa biyu, in ya yi sauƙi ka koma ƙafa ɗaya. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, wadda ita ce uwa uba. Lokacin da kake aswaki da safe ya ishe ka: ka tsaya a kan mai ciwon, ɗayar a ɗage, kusa da bango. Ranar farko za ka ga yatsu suna damƙar ƙasa, ƙafar tana karkarwa, hannu yana neman abin kamawa. Kada ka karaya, haka kowa ke farawa. In ta daidaita ka rufe ido, in wannan ma ya zama wasa ka hau kan matashi.

Ibada da zaman yau da kullum ma suna gaya maka inda aka kwana. Wanda har yanzu zaman tahiya ke yi wa zafi, ko ba ya iya tsugunawa sai diddigen mai ciwon ya ɗaga, gaɓarsa ba ta gama saki ba.

To yaushe za a fara gudu? Ba da ƙirgen kwanaki ake ganewa ba, ƙafar ake gwadawa. Ka iya tafiya da sauri ta minti 30 ba ɗingishi, ba kumburi washegari. Ka tsaya a kanta daƙiƙa 30 ba tangaɗi. Ka yi ɗage da ita kaɗai kamar sau 20. Ka yi tsalle a kanta sau 10 ka dira ba zafi ba fargaba. Ko da yaushe ka gwada da lafiyayyar ƙafar, ita ce ma'auninka. In ɗaya ya gagara, ka ƙara mako guda kana atisaye.

Ranar da ka fara, ka nemi fili mai laushi amma daidaitacce. Yashi mai zurfi, irin wanda ba ma rasawa a Katsina da Daura, yana wahalar da idon sawu, haka ma gefen kwalta mai gangare. Ka bari gari ya ɗan yi haske ka ga inda kake takawa, kuma lokacin hunturu ka fara ɗumama jiki da tafiya ta minti biyar zuwa goma. Ka yi sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, har minti 20, sannan ka tsallake kwana ɗaya. Washegari da safe ka duba ƙafar. In ta kumbura ko ta yi tsami fiye da jiya, ka koma matakin baya. In lafiya lau, ka ƙara lokacin sassarfa kaɗan-kaɗan har ka iya minti 30 a jere. Nisa ake fara ƙarawa, sauri ya biyo baya.

'Yan ƙwallo, ku ne kuka fi ba ni tsoro. Gudu a miƙe abu ɗaya ne, yanka da birki da tsallen kai wani abu ne daban. Kafin ka karɓi riga, ka jera duwatsu ka yi ta kewaya su, ka yi gudun gefe da na baya, ka tsaya cak kana cikin sauri. Koci ya yi haƙuri da ɗan wasansa, wasan unguwa ɗaya bai kai ƙafar yaro daraja ba. Maɗaurin idon sawu yana rage yiwuwar sake gurɗewa, musamman a watannin farko, amma ba ya maye gurbin atisaye. Gudu da silifas ko da takalmin da diddigensa ya cinye ta gefe ɗaya, a bar shi.

Ƙannena masu shirin tantancewa, na san ranar ba ta jiran kowa, na kuma san irin burin da ke kanku da na iyayenku. Amma kada ku sha tiramadol ko ku yi allurar kashe zafi don ku samu ku yi gudu. Maganin ba ya haɗa jijiya, toshe muku kunne kawai yake yi daga abin da jiki ke faɗa, ku yi ta ɓarna ba ku sani ba. Yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac ba bisa ƙa'ida ba yana kuma taɓa ciki da ƙoda. In lokaci ya ƙure, ku ci gaba da motsa jiki da tuƙa keke, wanda bai cika takura wa idon sawu ba, ku bar gudun sai ƙafar ta ci gwajin.

Idan an yi mako shida ana wannan ƙoƙari amma ƙafar tana ci gaba da zamewa, ko tana kumbura duk yamma, ko ana jin wani abu yana maƙalewa a cikin gaɓar, ko zafin yana can sama tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu, a zo a duba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi duk suna nan cikin Katsina, abin da ya fi ƙarfinsu kuma akan tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In za ku zo, ku taho da hoton ƙashin da aka taɓa ɗauka da takalmin da kuke gudu da shi.