Manyan kantuna da rukunin shaguna a Gusau

Babban kanti, kamar yadda mutanen Gusau suka san shi, gini ne na ciniki wanda mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya mallaka a wajen kasuwa, saɓanin rumfar kasuwa wadda fili da ikonta suke hannun hukuma. Kalmar kanti aro ce daga Turanci, haka ma filaza, sunan da ake kiran benen da aka jera wa shaguna domin haya. A cikin kimanin shekara ɗari, irin waɗannan gine-gine sun fita daga hannun kamfanonin Turawa sun koma hannun attajiran gida, sannan da yawansu suka gangara ga magada.

Zamanin kamfanoni

Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba ta zama cibiyar kantuna ba sai da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa ta, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Jirgi ne ya jawo kamfanonin da ke neman gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga, irin su John Holt na Ingila, wanda Hausawa suka mayar Janhol, da CFAO na Faransa, da UAC, wanda aka haifa a wannan shekara ta 1929 bayan haɗewar Kamfanin Neja da wani babban kamfanin Ingila. Ba su shiga tsohon gari ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta yanka musu filaye a gefe, kusa da tashar jirgi, kuma sunan Kantin Daji da ake kiran wata unguwa da shi har gobe yana tuna wa mai sauraro cewa wurin a da bayan gari ne.

Kantin wancan zamani aiki biyu yake yi a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya. A baranda akwai babban sikeli inda akawu ke auna buhunan gyaɗa yana rubuta nauyi, a ciki kuma ga akoko da atamfa da gishiri da kananzir da kwanukan sha a jere bayan kanta. Manomi yakan karɓi kuɗin amfaninsa ta wannan ƙofa, ya bar rabinsu ta waccan kafin ya ɗaura wa jakinsa mangala. Tsakanin Bature da manomi akwai Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, da kuma dillalan gida waɗanda kamfani ke ba jari da kaya bashi. A cikin waɗannan dillalai ne aka sami mutanen da daga baya suka iya sayen kantunan da suka taɓa tsayawa a bakinsu suna jiran akawu.

Komawa hannun 'yan ƙasa

Tun daga 1949, da aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, kamfanonin suka zama wakilai masu lasisi kawai, ba su ke yanke farashi ba, sai suka fara janye jiki daga ƙananan rassa. Babban juyin ya zo a 1972, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mayar da masana'antu da kasuwanci hannun 'yan Najeriya. Dokar ta keɓe cinikin sayar da kaya ɗaiɗai ga 'yan ƙasa, ta kuma wajabta wa manyan kantuna na baƙi su sayar da kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsu. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙara tsananta ta a 1977. Shekara ɗaya bayan haka, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, don haka mai kanti takardar izinin zama yake riƙe da ita, yawanci ta shekara 99, kuma ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. Wannan ne dalilin da ya sa cinikin babban gini yakan daɗe a kan takarda bayan an riga an sha hannu an biya la'ada.

Gadon bai zo wa sababbin masu shi da sauƙi ba. Gyaɗar da ta ciyar da kantunan ta ja baya bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka mata a 1975, an rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, faɗuwar darajar naira kuma ta sa cika kanti da kayan waje ya fi ƙarfin mutane da yawa. Wasu gine-ginen sun zama rumbunan ajiya, wasu kuma bankuna suka karɓe su.

Filaza da magada

Ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, da mayar da Gusau fadar gwamnati, ya kawo ma'aikata da 'yan kwangila, ciniki kuma ya bi manyan tituna zuwa bakin gari, wajen hanyar Sakkwato da ta Zariya. Filaza ta fito daga nan. Mai ita galibi ba ya sayar da ko allura, ginawa yake yi ya raba shaguna, ya karɓi kuɗin haya na shekara, mai magani a ƙasa, tela da ofishin lauya a sama, mai POS kuma ya kafa lema a bakin ƙofa.

Hanyar da irin wannan dukiya ta fi canza hannu ita ce rabon gado. Idan mai gini ya rasu, akan yi masa ƙima a raba bisa Shari'a, kuma tunda bene ba ya yankuwa kamar gona, ko dai a rarraba shagunan tsakanin magada, ko ɗaya ya fanshi rabon sauran, ko a sayar a raba kuɗi. Mai lura zai iya gane ginin da aka rarraba tun daga titi: shago uku sun sha sabon fenti da ƙofar gilashi, na huɗu yana nan da tsohon ƙyauren ƙarfe, matakalar da kowa ke hawa kuwa ba wanda ya ɗauki gyaranta. Ɗan haya yakan wayi gari da sabon maigida da sabon farashi alhali bai motsa daga inda yake ba.

Katafaren rukunin kantuna irin na ƙasashen waje, mai babban kanti guda da ke jan jama'a ga sauran, shi ma bai tsira daga wannan juyi na canjin hannu ba a arewa. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya shigo Legas a 2005, ya buɗe reshe a Ado Bayero Mall da ke Kano a 2014, ya sayar da harkarsa ta Najeriya ga kamfanin Ketron na 'yan ƙasa a 2021, sannan aka rufe reshen na Kano a farkon 2024.