Kwashe shara ba alfarma ba ce

A garuruwa irin su Gumel da Azare da Funtuwa, mutane da yawa sun ɗauka kwashe bola aikin gwamna ne. Shi ya sa in shugaban ƙaramar hukuma ya turo tifa gab da damina, sai a yi ta yi masa godiya kamar ya yi kyauta. Ba haka abin yake ba.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sanya kwashe shara da kula da bahaya na jama'a da magudanar ƙazanta cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ma'aikatan duba-gari ma akwai su a sashen lafiyarta. Ruɗanin ya samo asali ne daga hukumomin jiha, irin REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, waɗanda aikinsu ya fi yawa a babban birni.

Uzurin da aka saba ji shi ne kuɗi na hannun jiha. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, gaskiya ne, amma bolar da ta toshe kwalbatin unguwarku, kansilanku ne farkon wanda ya kamata ku tambaya.